Gwafar Arewa

Yayana ne ya fara kawo parabol, faifan nan mai kamo tashoshin tele, unguwarmu a Dakoro, shekarar da ya dawo daga Libiya da kuɗi a aljihu da sabon salon tafiya. Ba hassada nake yi masa ba, wallahi ya sha wuya kafin ya samu. Ya girke tele a tsakar gidan Baba, ya ajiye gurup, wato janareta, a bayan rumbu yana ta ƙara, da an idar da sallar magariba sai maƙwabta su fara sallama, kowa da tabarmarsa. Akwai wata tasha da ba ta da aiki sai maimaita tsofaffin finafinan kaboyi, irin waɗanda ake bi kashi-kashi kowane mako, wasu ma ba su da launi. An juya su zuwa Faransanci. Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, don haka ba tare da an nemi shawarata ba na zama tafintar gidan.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ina son su. Dawakin nan kaɗai sun isa a zauna a kalla. Amma kallon Baba ya fi fim ɗin daɗi. Shi ba ruwansa da harbe-harben, shanu yake kallo. Ya yi kiwo tun kafin a haife mu, kakanninmu daga bakin daji suka gangaro suka zauna suna noma suna kiwo, to in garke ya bayyana a tele sai ya matso har ya kusa taɓa gilashin.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "waɗanga mutane sun san shanu kuwa? Wa ke kora saniya daga baya da ihu kamar ɓarawo? Ai gaba ake shiga, a kira ta, ta biyo."

Wata rana kuma ya ce tun da aka fara kallon nan bai taɓa ganin an tatsi ko guda ba. "Shanu kamar ƙasa, babu mai damun fura! Mi suke ci?" Tsakar gida ta ɗauki dariya, shi kuwa ko gezau, da gaske yake tambaya.

Sai na faɗi zancen rijiya kafin in ci gaba, don a kanta komai ya tsaya. Baba yana da rijiya a arewa, kan hanyar Tagriss, shi ya haƙa ta da ƙuruciyarsa. Rijiyar makiyaya ce mai zurfi, ba a jan ruwanta da hannu. A bakinta ana kafa gwafa, wato itace mai baki biyu, a ɗora igiyar wasaki, babban gugan fata, a kai, sa ko raƙumi ya ja ya yi nisa, ruwa ya hau a zuba a kwami dabbobi su sha. Gwafa uku ne a rijiyarmu. Biyu na shanun gida. Ta arewa kuwa Baba bai taɓa ɗaura igiyarsa a kanta ba, ta baƙo ce. Duk makiyayin da ya biyo da dabbobinsa, Bafillace ne ko Buzu ko Bahaushe, ya yi sallama ya jira layinsa, ya ɗaura igiyarsa ya shayar ya wuce. Ba a karɓar masa komai. In ya ga dama ya bar ƙwaryar nono da labarin inda aka yi ruwa. In namu shanun suka hau arewa da damina, su ma haka ake karɓarsu a rijiyoyin waɗansu. Haka na tashi na tarar, ban taɓa zaton abin a yi magana a kansa ba ne.

Yayana kuwa wani abu daban yake gani a cikin tele. Ya sayo malafa irin ta kaboyi a Maradi, yana sawa har kasuwa. In aka nuna mai gidan shanu tsaye a kan doki yana duban filinsa da ba a ganin iyakarsa, kewaye da waya mai ƙaya, sai Yaya ya buga cinya ya ce, "Kun gani ko? Haka ake gina ƙasa! Kowa ya san nasa. Ba irin tamu ba, dukiyarka kowa ya zo ya sa baki." Mutane su ce gaskiya ne, Alhaji, don telensa suke kallo, gurup ɗinsa ke ci da mai.

Ni da nake jin Faransancin kalma bayan kalma, ni na san abin da ake zuba mana a kunne kowane mako. Filina, ruwana, wayata. Kullum akta, wato jarumin fim, shi ne wanda ya zo ya tarar da ƙasa wai babu kowa a kanta, ya kafa shinge. Alhali ga mutane can a kan tudu, masu gashin tsuntsu a ka, suna kallonsa. Su ba kowa ba ne ke nan? Duk wanda ke yawo da iyalinsa da dabbobinsa, ba shi da gida na katako, to ko ɓarawo ne ko abin tausayi. Mai tauraro a ƙirji, jandarman garinsu, in ya hau doki ƙofar mai shinge yake fara zuwa ya sha kofi. Sannan akta ba ya neman kowa, ba ya cin bashin alherin kowa, shi da bindigarsa sun isa. Ina fassarawa ina jin abin yana ci mini rai, don in aka bi wannan lissafi, kakana da ya sauko daga arewa da raƙumansa yana cikin mutanen kan tudu.

Ranar da abin ya fito fili, wani kashi aka nuna na wani makiyayin tumaki. Ya zo da matarsa da yara da tumaki sun galabaita, ga ruwa yana gudu a cikin shinge. Ya yi sallama a ƙofa, aka hana shi. Ya koma ya dawo ya roƙa, aka sake hana shi. Daga ƙarshe ya yanke waya ya shigar da tumakinsa. Baba ya gyara zama, shi da tsofaffi biyu abokansa, suna ta sa wa makiyayin albarka. "Yawwa ɗan halak! Shayar da su!" Duk lokacin da mai shingen ya bayyana sai Baba ya yi tsaki ya ce ga shef bandi nan, wato shugaban ƴan fashi, bari dai, ranarsa na zuwa. Na so in gyara masa tun da wuri, sai na ga bari in ƙyale shi.

Aka yi ta fafatawa, mai tauraro ya zo ya kama makiyayin, aka kora tumakin waje. Mai shinge ya tsaya da matarsa a bakin ƙofa suna murmushi, kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

Baba ya juyo. "Uwata, sai mako mai zuwa za a kashe shi?"

"Wa, Baba?"

"Shef bandin mana. Wanda ya hana ruwa."

"Baba, ai shi ne akta. Fim ɗin nasa ne. An gama."

Ya dube ni kamar na zage shi. Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, ruwan nasa ne ai, a filinsa yake. Doka ta ba shi."

"Shi ya yi ruwan?"

"A'a, amma shi ya sayi wurin."

"To tumakin fa, ina sunka sha?"

Fim ɗin dai bai nuna ba. Yaya ya ce mini in daina cika wa tsoho kai da fassarar da ba ta da amfani. Na ce masa abin da aka faɗa na faɗa, in yana son a canza sai ya je ya samu masu fim ɗin. Baba ya naɗe buzunsa ya shiga ɗaki. Daga ranar bai sake zama gaban tele ba, sai dai in ya ji kukan shanu a ciki ya leƙo ta taga ya koma.

Bayan rasuwar Baba, tun ba a yi sadakar arba'in ba, na shiga mangazar Yaya, ɗakinsa na ajiya, neman buhun gero na tarar da naɗin waya mai ƙaya jibge har rufi. Ban tambayi kowa ba, na san inda za ta. A lokacin masu kuɗi sun fara kewaye daji a arewa, kowa ya sani. Yaya ya zaunar da ni ya yi mini bayani da hankali, kuma ba zan ce duk maganarsa banza ce ba. Ya ce ruwan rijiyar yana ja da baya da rani. Ya ce baƙi na kawo dabbobi masu ciwo su shafa wa namu. Ya ce ciyawar da ke kewaye da rijiyar ana cinye ta tun kafin sanyi ya wuce, shanunmu su koma cin ƙasa. Zai kewaye wurin, ya sa famfo mai aiki da hasken rana, ya yi kiwon bijimai na sayarwa. Ni kuma za a ba ni gidan Dakoro, na siminti, da shanu a kai.

Na ce, "Baƙin fa?"

Ya ce, "Allah na nan. Rijiyarmu kaɗai ce a duniya?"

Ya san sarai da rani daga can sai an yi tafiya mai kashe ɗan maraƙi kafin a kai wani ruwa. Na tashi na tafi, ya ɗauka na yarda.

Mu biyu kaɗai Baba ya bari, Inna ta riga shi. Ranar rabon gado aka taru a zaure: malamin da zai raba, kawunmu ƙanen Baba, maigarin wajen rijiyar, da dattawan unguwa. Ni ina daga bakin ƙofar cikin gida a kan tabarma. Malam ya lissafa abin da aka bari, ya ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Kawu ya karɓe zancen ya ce ai an riga an daidaita, ita ɗiya mace ta ɗauki gida da shanu, rijiya ta tafi wajen namiji, tun da aikin maza ce.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, da wa aka daidaita?"

Bakina ya riga ya buɗe, sai na juya wajen Malam.

"Malam, rijiyar tana cikin gado ko ba ta ciki?"

Ya ce tana ciki.

"Gwafa nawa ne a bakinta?"

Maigari ya amsa daga gefe, ya ce uku.

"To a ba Yaya biyu, a ba ni ɗaya. Ta arewa nake so. Gidan ma a raba shi yadda Allah ya ce, ban ce a ba ni duka ba."

Yaya ya miƙe tsaye. "Ke! Kina da hankali kuwa? Ke da ba ki taɓa jan wasaki ba, mi za ki yi da gwafa? Alli za ki rataya a kai?"

Na ce, "Kai ka taɓa hawan doki, da kake yawo da malafar masu doki?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kawu ya daka mini tsawa, ya ce ba a yi wa babban wa haka a gaban mutane, boko ya lalata ni. Na ce ya yi haƙuri, na ba Yaya haƙuri a kan malafa, amma a kan gwafa ban janye ba. Aka yi ta lallashi. Aka ce za a ƙara mini shanu. Aka ce in tuna ina da yara, gidan siminti ba wasa ba ne. Wata gwaggo daga bayana tana ta mintsinina tana cewa in rufa wa kaina asiri. Na ce na ji, na gode, gwafa nake so.

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Na ga alama shi ma ya fi son a gama lafiya a ci tuwo, amma mutum ne mai tsoron Allah. Ya ce ba a tilasta wa magaji ya sayar da rabonsa, in ta ce a cikin rijiya take so, haƙƙinta ne. Yaya ya ce to shi ke nan, ta riƙe itacenta, shi dai zai kewaye filin, ta ga ta inda za ta shiga. Nan maigari ya gyara rawani. Tsoho ne da ya sha ruwan rijiyar nan tun yana yaro. Ya ce a al'adar wurinsu gwafa da hanyarta suke tafe, ba a taɓa raba su ba, kuma hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce, sai wadda garke zai bi ba a matse ba. In Alhaji zai kafa waya ya kafa, amma arewa a buɗe take.

Yaya ya dube ni ya ce, "Kin kashe mini aiki. Ki sani daga yau ba ni da ƙanwa." Ya fita ko takalmi bai saka daidai ba.

Na zaci fushin kwana biyu ne. Ashe da gaske yake. Ya kafa wayarsa gabas da yamma da kudu, ta tsaya kamar ɗaki mai bango uku. Famfon bai sa ba, ya ce ba zai zuba dukiyarsa Buzaye su sha a banza ba. Ya cire ƴaƴansa daga lakwal ɗin da nake koyarwa ya kai su wata. Da Salla na je gaishe shi, na durƙusa na ce Yaya barka da Salla, ya ci gaba da danna salularsa har na gaji na tashi. Bikin babbar ɗiyarsa, yarinyar da ni na yi mata wankan farko, a bakin mata na ji shi a wurin niƙa. Ranar na rufe ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Wannan mutumin shi ya riƙa ɗaukata a wuya in ƙaya ta soke ni a daji. Shi ya yi ta aiko da kuɗi daga Libiya har na gama makarantar malamai. Ba maƙiyina ba ne, kuma wannan shi ya fi ciwo.

Maigidana ma bai bar ni na huta ba. Ba ya faɗa, sai tsokana. In ruwan sama ya zubo ta rufin ɗakinmu sai ya ajiye roba a ƙasa ya ce, "Madam mai gwafa, matso da gadonki nan ya tare mana." Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in ce ya fita idona.

Kuma kada wani ya ɗauka baƙin nan duk waliyyai ne. Raƙuman wasu sun taɓa ture wa Yaya waya suka cinye masa ciyawa, ni na bi maigari ana ba da haƙuri. Akwai wani marar kunya da ya zauna a gwafata kusan rani guda yana karɓar awaki a hannun waɗanda suka zo bayansa, wai shi ne wakilina. Da labari ya iso ni na hau motar kasuwa na je da kaina, na kwance igiyarsa na jefa masa a gaban kowa, na ce in na sake ganin ƙeyarsa a nan sai jandarma sun raba mu. Gara ta ci gwafar, na sayi wani itacen. Kwami ya tsage, na gyara. Ban taɓa samun ko ƙwaryar nono ba, don ba a can nake zaune ba. Amma duk ranar da na je na tarar da layi, tumakin mutanen da ban san sunansu ba suna sha suna ɗaga kai, sai in ji ko yanzu aka sake tara zauren nan abin da zan faɗa ke nan.

Bara hawan jini ya kayar da Yaya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi Maradi aka dawo da shi. Ban je ba, don ba na so ganina ya ƙara masa ciwo. Sai ga matarsa da hantsi ta yi sallama a gidana, karo na farko tun rabon gado. Ta ce yana nemana. Ta ce in na yi masa abin da yake so, komai zai wuce, yara su dawo, a koma yadda ake.

Na dama kunun tsamiya irin wanda yake so tun muna yara, na zuba a kwano na tafi. Na same shi kwance a kan katifa, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Na zauna kusa da kansa na ce, "Yaya, sannu. Ya jiki?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Sannan a hankali, maganar tana fita da ƙyar, ya ce, "Kin zo."

"Na zo, Yaya."

"Akwai mai son sayen wurin. Duka yake so, a rufe. Ba ya saye da ƙofa a buɗe." Ya huta. "Kin ga yadda na koma. Yara na nan. Ki bar mini gwafar, mu shirya kafin in mutu."

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Na san ba ƙarya yake ba, yaran suna nan, kuma ciwo ya ci abin da ya tara. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na ce masa rabona na gidan Baba na bar wa yaransa, yau ɗin nan a kira Malam ya shaida. Shanun da suka rage mini a sayar a yi masa magani. Yaran su dawo wurina, karatunsu a wuyana. In yana so in kwana a nan ina juya shi, zan kwana.

"Gwafar fa?"

"Ita kam a'a, Yaya."

Ya rufe ido ya juya fuska wajen bango. Matarsa ta ce, "Haba! Ko a wannan hali?" ta saki labule ta tafi. Na zauna da kwano a cinya har kunun ya fara hucewa, ina jin numfashinsa. Ban tashi ba. Can ya juyo, bai dube ni ba, rufin ɗaki yake kallo.

"Har yanzu taurin kan nan yana nan."

"Yana nan, Yaya," na ce, na ɗebo kunun a ludayi. "Buɗe baki."